Masu Musun Jar Ƙasa Sun Cika Kirga Kofi

Ranar Lahadi 8 ga Yunin 2025, kwana biyu bayan Babbar Sallah, ana idar da Magariba gidan kallon unguwarmu ya cika maƙil. Ƙwallon ƙafa ce ta tara jama'a, don a daren ne Fotugal da Sifaniya za su kara a wasan ƙarshe, kowa na ɗokin ganin Ronaldo da Yamal. Kafin lokaci ya yi, mai gidan ya bar talabijin a tashar da ke nuna wasan ƙarshe na tanis daga birnin Faris, inda Carlos Alcaraz da Jannik Sinner ke ta gwabzawa tun bayan Azahar. Mutanen da rabinsu ba su san lissafin makin tanis ba suka koma ihu da tafi. Sinner ne ya ci turmi biyun farko, kuma a turmi na huɗu har sau uku maki ɗaya tak ya rage masa ya ɗauki kofi, Alcaraz ya hana. Sai da aka shafe sa'a 5 da minti 29 kafin Alcaraz, ɗan Sifaniya, ya yi nasara.

"Wallahi magana ta ƙare," in ji wani saurayi da ya miƙe tsaye. "Wannan yaron ya wuce Nadal."

Wani dattijo da ke gefe, wanda aka ce ya buga tanis a Kaduna zamanin ƙuruciyarsa, ya dube shi. "Ɗana, kofi nawa gare shi a wannan filin?"

"Da na yau biyu, Baba."

"To ka neme ni ranar da ya cika 14."

Na uku ya tsoma baki. "Baba, a yi mini afuwa, amma ai Nadal gwanin jar ƙasa ne kawai. A cire masa Faris a ga abin da zai saura."

Take wasan ƙwallo a Munich ne ya raba gardamar.

Irin wannan musu yana tashi duk shekara daga Afrilu zuwa farkon Yuni, lokacin da 'yan tanis ke zagayen Monte Carlo, Barcelona, Madrid da Rum, su ƙarƙare a Roland Garros, gasar Faris. Ana yinsa a Faris, ana yinsa a Belgrade da Buenos Aires, yanzu kuma dish da waya sun kawo shi majalisunmu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kowa mudu ɗaya yake riƙe da shi: kofi nawa? Hukuncin dattijon daidai ne, amma mudun da ya auna da shi, in aka bi kowa da shi, mutane da yawa za a zalunta. Kofi yana faɗin wanda ya rage a tsaye ranar ƙarshe. Ba ya faɗin wanda ya tare wa wani hanya, ko irin raket ɗin da aka buga da shi, ko shekarun da mutum ya bar filin da ƙarfinsa.

1. A fara sanin filin

Abin da muke kira jar ƙasa a Roland Garros garin jan bulo ne da aka niƙa, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, an barbaɗa shi a kan niƙaƙƙen farin dutse da aka daddale, ƙarƙashinsu kuma tsakuwa. Idan ƙwallo ta sauka a kai, garin yakan riƙe ta, gudunta ya ragu, ta yi tsalle sama. A ciyawar Wimbledon kuwa zamewa take yi ƙasa-ƙasa. Don haka mai ƙarfin sabis, wanda ya saba gama maki da bugu biyu, a nan zai ga ƙwallon ta dawo masa, ya sake dukanta ta sake dawowa, har haƙurinsa ya ƙare ya watsar da ita waje da kansa.

Sannan ga maganar ƙafa. Direban da ya saba da kwalta, ranar da ya hau burji ya taka birki, zai ga motar ta ci gaba da tafiya; haka ɗan wasa yake a wannan fili. Ba a tsayawa cak. Sai mutum ya iya sulɓewa zuwa wurin ƙwallo, ya buga yana cikin sulɓin, ya juyo bai faɗi ba. Yaran Sifaniya, Ajantina da Italiya da wannan suke tashi. Maria Sharapova, wadda ta girma a filayen siminti na Amurka, ta taɓa kwatanta kanta da saniya a kan ƙanƙara, kuma sai da ta yi shekaru tana gyaran ƙafa kafin ta ci Faris a 2012 da 2014.

Jar ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce, kuma masu musu ba sa son jin haka. Madrid tana kan tudu sama da mita 600, iska ba ta da nauyi, ƙwallo ta fi gudu. Monte Carlo a bakin teku take, danshi yakan sa ƙwallo nauyi. Lissafin Nadal kansa ya nuna bambancin: kofi 11 a Monte Carlo, 12 a Barcelona, 10 a Rum, amma 4 kacal a jar ƙasar Madrid. A 2012 masu gasar Madrid sun ma rina filin ya koma shuɗi, santsi ya yi yawa, Nadal da Djokovic suka ce ba za su dawo ba in ba a sauya ba. Roger Federer ne ya ɗauki kofin shekarar. Wanda zai jefa wannan kofi cikin buhu ɗaya da na Rum ya yi kuskure tun daga awo.

2. Kujerar da babu musu a kanta

A ɓangaren maza, maganar wa ya fi kowa a jar ƙasa rufaffiya ce. Rafael Nadal ya buga wasa 116 a Roland Garros, ya ci 112. Mutum uku ne kawai suka taɓa kayar da shi a can: Robin Söderling a 2009, Novak Djokovic a 2015 da 2021, sai Alexander Zverev a 2024 lokacin da jiki ya riga ya gaji. Daga Afrilun 2005 zuwa Mayun 2007 ya ci wasa 81 a jere a jar ƙasa. Ya kai wasan ƙarshe sau 14, ya ci 14, kuma ko sau ɗaya ba a ja shi zuwa turmi na biyar a wasan ƙarshe ba. A 2008 ya lallasa Federer, wanda ke kan gaba a duniya a lokacin, 6-1, 6-3, 6-0. A 2020 ya yi wa Djokovic 6-0, 6-2, 7-5 cikin sanyin Oktoba, yanayin da aka ce ba zai yi masa daɗi ba. Kofinsa na ƙarshe a 2022 da allurar kashe zafi a ƙafa ya ɗauke shi.

Wannan batu na turmi biyar shi ne amsar saurayin nan. Alcaraz ya ci wasan ƙarshe biyu a Faris, 2024 a kan Zverev da 2025 a kan Sinner, dukansu a turmi na biyar. Abin da ya sa wasansa ya fi daɗin kallo shi ne tazarar da ke tsakaninsa da abokan karawarsa kaɗan ce. Nadal bai cika ba mu irin wannan dare ba, domin kafin a zo wurin bugun zuciya ya riga ya sallami mutum. A shekara 22 Nadal yana da kofi 4 a Faris, Alcaraz yana da 2. Daga inda ya tsaya a 2025, in zai cika 14 sai ya ci kowace shekara babu fashi har 2037, yana ɗan shekara 34, ga Sinner yana jiransa a kowace kwana. Yaron gwani ne, ɗan sakin ƙwallon da yake yi a gindin raga ma Nadal bai kai shi iyawa ba. Amma gwaninta daban, mulki daban.

Shi kuma mai cewa a cire Faris, to a cire. Nadal yana da manyan kofuna 22. In an ɗebe 14 saura 8: biyu a Wimbledon, huɗu a Amurka, biyu a Ostireliya. Takwas ɗin nan su ne abin da Andre Agassi ya tara duk rayuwarsa, haka Jimmy Connors, haka Ivan Lendl. In kuwa cirewa ake so, Djokovic ma daga cikin 24 ɗinsa 14 a filin siminti ya same su, 10 a Ostireliya, 4 a Amurka, kuma shi damarsa biyu ce duk shekara, mai jar ƙasa ɗaya. Ban taɓa jin wanda ya ce a cire wa Djokovic siminti ba.

3. Waɗanda inuwar Nadal ta rufe

A nan ne kirga kofi ke yin ɓarna. Jeka majalisa ka ce Federer gwanin jar ƙasa ne, ka ji dariya. Kofi ɗaya fa gare shi a Faris, za su ce, shi ma sai da Söderling ya share masa hanya a 2009. Gaskiya ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma a duba abin da ya faru kafin nan. A 2005 Nadal ya fitar da shi a wasan kusa da na ƙarshe. A 2006, 2007 da 2008 ya kai wasan ƙarshe, Nadal ya doke shi. A 2011 ya sake kaiwa, bayan ya karya wa Djokovic jerin nasarorin da ya yi tun farkon shekara, Nadal ya sake doke shi. Ma'ana, shekaru da dama babu mahalukin da ya iya da Federer a Faris sai mutum ɗaya. Shi ne kuma ya yanke wa Nadal jerin 81 ɗin nan a Hamburg, kuma a wasan ƙarshe na Rum a 2006 sau biyu maki ɗaya ya rage masa, bayan sun haura sa'a 5 suna fafatawa.

Matsalarsa ma sananniya ce, ba ta da alaƙa da rashin iya filin. Nadal da hagu yake bugawa, yana murza ƙwallo ta taso har kafaɗa, kuma kai tsaye take zuwa ɓangaren bayan hannun Federer, wanda da hannu ɗaya yake bugunsa. Buga ƙwallo daga tsayin kafaɗa da hannu ɗaya, sau ɗari-ɗari a wasa guda, aikin wahala ne. Kowa da ƙarfen ƙafarsa, na Federer ya zo a kan lokaci kuma ya daɗe.

A ajiye shi kusa da Gustavo Kuerten na Birazil, mai kofi 3: 1997, 2000 da 2001. Mai kirga zai ce uku ta fi ɗaya, a tashi. Kuerten ya doke Sergi Bruguera, Magnus Norman da Àlex Corretja a wasanninsa na ƙarshe, gwanaye ne, amma babu Nadal a cikinsu. Federer ya kai wasan ƙarshe sau 5, Kuerten sau 3. Magoya bayan Kuerten suna da amsa mai nauyi: a 2004 ya haɗu da Federer a Faris, da ciwon ƙugunsa, ya doke shi 6-4, 6-4, 6-4. Wannan ita ce gardamar da ta cancanci a kwana a kanta, domin kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Ni dai ina ba Kuerten rinjaye da ƙyar, saboda wannan rana ta 2004, kuma ba zan yi faɗa da wanda ya ga akasin haka ba.

Djokovic kuwa shi aka fi tauyewa. Kofi 3 yana sa shi layi ɗaya da Kuerten, Lendl da Mats Wilander, alhali ya kai wasan ƙarshe sau 7 a Faris, ya ci Rum sau 6, ya kuma ɗauki zinaren gasar Olamfik ta 2024 a filin na Roland Garros, a kan Alcaraz, yana ɗan shekara 37. Sau 10 yana haɗuwa da Nadal a gasar Roland Garros, ya sha kashi 8. Amma shi kaɗai ne ya taɓa kayar da shi sau biyu a can, kuma a jar ƙasa gaba ɗaya ya doke shi sau 9. A 2011 ya doke shi a wasan ƙarshe na Madrid, bayan mako guda ya maimaita a Rum. A 2013 sai a 9-7 na turmi na biyar Nadal ya kuɓuta daga hannunsa. Lendl da Wilander ba su taɓa fuskantar irin wannan katanga ba.

Na ƙasa da su ba a ma ambatonsu. David Ferrer ya kai wasan ƙarshe a 2013, Dominic Thiem a 2018 da 2019, duk suka ci karo da mutum ɗaya. Mudun kofi sifili yake ba su, daidai da wanda bai taɓa wuce zagayen farko ba.

4. Borg

In ana neman na biyu, ni Björn Borg na Siwidin nake ba, kuma ga dalili. Ya ci Faris sau 6: 1974, 1975, sannan 1978 zuwa 1981. Wasa 51 ya buga a can, ya ci 49, kuma mutum ɗaya ne ya kayar da shi duka biyun, Adriano Panatta na Italiya. A 1977 bai ma halarta ba, saboda kwantiragin da ya shiga da wata gasar ƙungiyoyi a Amurka. Shekarar ce Guillermo Vilas na Ajantina ya ɗauki kofin, shi kuma da Borg ya dawo a 1978 ya casa shi a wasan ƙarshe.

Ga abin da masu kirga ba sa lura da shi. Borg ya ɗauki kofinsa na shida a Yunin 1981, kwana ɗaya da cikarsa shekara 25. Nadal ya ɗauki nasa na shida a Yunin 2011, kwana biyu da cikarsa shekara 25. Har wannan gaɓa kunnen doki suke. Borg bai sake buga Roland Garros ba, ya gaji da wasan ya ajiye. Nadal ya ci gaba ya ƙara 8. Abin da ya raba su shi ne juriya da son wasan, kuma wannan ma fifiko ne na gaske, ban rage masa komai ba. Sai dai wanda ya ce 14 da 6 na nufin Nadal ya ninka Borg iyawa bai san labarin ba.

Akwai kuma kayan aiki. Borg da raket na katako mai ƙaramin kai ya yi zamaninsa, duk da haka yana murza ƙwallo fiye da kowa a lokacin. Zaren roba mai tauri da ke ba 'yan yanzu damar dukan ƙwallo da dukan ƙarfi ta kuma faɗo cikin fili, Kuerten ne ya fito da sunansa a 1997. Zamani riga ne. Kuma a zamanin da ciyawar Wimbledon ke da gudu ƙwarai, Borg ya ci Faris da Wimbledon a shekara ɗaya sau uku a jere, 1978 zuwa 1980, da tazarar makonni kaɗan tsakaninsu. Wannan ne ya sa nake ajiye Djokovic a na uku, duk da abin da na faɗa a kansa.

5. Giwa a garin wani

Pete Sampras yana da manyan kofuna 14, amma iyakarsa a Faris wasan kusa da na ƙarshe a 1996. Boris Becker bai taɓa cin kofin mutum ɗaya a jar ƙasa ba. John McEnroe ya ci turmi biyu a wasan ƙarshe na 1984, Lendl ya ƙwace. Ba wanda ke kiran waɗannan gwanayen ciyawa kawai don ya rage musu daraja. Amma Thomas Muster na Ostiriya, wanda ya ci Faris a 1995 kuma bai taɓa cin wasa ko ɗaya a Wimbledon ba, har gobe da wannan ake yi masa gori. Giwa a garin wani zomo ce, kuma karin maganar ba ta zaɓi fili ba.

6. Sunan da ba a kawowa

Duk musun nan da ake yi, na maza ne zalla, kamar mata ba sa taka filin. Wani lokaci a tuna da Iga Świątek ta Folan, mai kofi 4 tsakanin 2020 da 2024, ko Justine Henin mai 4, ko Steffi Graf mai 6, wadda ta gama wasan ƙarshe na 1988 da 6-0, 6-0 cikin ɗan abin da ya haura rabin sa'a. Chris Evert ta Amurka kuwa da wuya ka ji sunanta, alhali ita kaɗai ce za a iya ajiye lissafinta kusa da na Nadal bai ji kunya ba.

Kofinta a Faris 7 ne, rabin nasa, kuma a nan mai kirga zai tsaya. To daga Agustan 1973 zuwa Mayun 1979 Evert ta ci wasa 125 a jere a irin wannan fili. Na Nadal 81 ne, na Vilas 53. Kusan shekara shida ba wadda ta kayar da ita. A tsakiyar wannan mulki ta ƙi zuwa Faris shekara uku, 1976, 1977 da 1978, domin a lokacin gasar ƙungiyoyin Amurka ta fi biya kuma Roland Garros ba ta da ƙimar da take da ita yau. Gasar Amurka kuma daga 1975 zuwa 1977 a kan koriyar ƙasa aka buga ta, 'yar'uwar ja, Evert ta cinye duka ukun. In an haɗa, manyan kofunanta a irin wannan fili 10 ne, da shekara uku na ganiyarta a waje. A rayuwarta ta ci sama da kashi 94 cikin ɗari na wasanninta a kai, Nadal kashi 90 da ɗoriya.

Za a ce mata turmi biyu suke nema su ci, maza uku, kuma a shekarun 1970 gwanayen mata ba su da yawa. Maganar farko ma hujja ce a wajenta, don gajeren wasa ya fi ba ƙarami damar yi wa babba ba-zata. Rana ɗaya da ciwon kai ta isa ta yanke jeri. Ta biyun tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa har yanzu nake ajiye Nadal a gaba, saboda Federer da Djokovic da ya danne shekara da shekaru. Amma Evert ma ta yi zamani da Martina Navratilova, ta doke ta a wasan ƙarshe na Faris a 1975, 1985 da 1986. Tracy Austin ce ta yanke mata jerin 125 a Rum a 1979, tana 'yar shekara 16. Bayan makonni kaɗan Evert ta je Faris ta ɗauki kofi, ta kuma fara sabon jeri da ya kai wasa 64, har sai da Hana Mandlíková ta tsayar da ita a 1981.